Shin dole ne molekul ya mayar da hasken da ya sha?

An daɗe ana cewa duk molekul (atom biyu ko fiye da suka haɗu wuri ɗaya) da ya sha haske sai ya sake fitar da shi kafin ya koma yanayinsa na asali. Fahimtar tana da tushe, domin wasu sinadarai suna ƙyalli ta wannan hanya, amma ba ita ce ƙa'ida ba.

Idan molekul ya sha haske, yana hawa daga matakin makamashi na ƙasa zuwa na sama. A molekul mai atom uku ko fiye, matakan makamashi biyu na elektron suna iya haɗuwa a wuri ɗaya mai siffar mazurari. A wannan mahaɗa motsin elektron da na cibiyoyin atom ba sa rabuwa, sai molekul ya zarce zuwa matakin ƙasa ba tare da haske ba, kuma yadda ya ratsa mahaɗar shi ke tantance ko zai sauya siffa ko zai koma yadda yake. Haka retinal, molekul ɗin da ke karɓar haske a cikin ido, yake juyawa cikin kusan femtosakan 200 (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan), kuma haka tubalan DNA suke mayar da hasken ultrabayolet zafi.

Mai son tabbatarwa ya duba tsawon lokacin da molekul yake ɗauka a matakin sama cikin littattafan kimiyyar sinadarai: ƙyalli yakan ɗauki nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan), ratsa mazurari kuwa ƙasa da haka sosai. Don Allah a yaɗa wannan bayani.