A ɗora shi bisa cinya, kada a danne shi

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawa a Damagaram, sashen yara ba ya rabuwa da kuka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a wannan lokaci allura ba ta barin hannuna: a ɗebi jini a auna, a nemi jijiya a sa ƙarin ruwa. Yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani ana ba shi maganin artesunat ta jijiya da zuwansa, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Mai amosanin jini kuwa tun yana goye ya san allura. Ba mu da yadda za mu yi mu bar ta, amma azabar da ke tare da ita muna iya rage ta sosai.

A farkon aikina na taɓa sa aka kwantar da wata yarinya ƴar shekara huɗu, mutum uku suka danne ta, uwar kuma muka ce ta fita. Mun samu jijiyar. Sai dai har aka sallame su, da ta hango farar riga sai jikinta ya ɗauki rawa. Abin bai bar raina ba har yau. Yaron da aka kwantar rigingine aka danne tsoronsa ninkuwa yake, ya yi ta fizge-fizge, jijiyar ta ƙara wuyar samu, a soke shi sau uku maimakon sau ɗaya.

Don haka inna, ki zauna ki ɗora shi bisa cinyarki, ƙirjinsa na jingine da naki, ki rungume shi kamar yadda kike yi a gida, hannunsa ɗaya kawai za ki miƙo mana. In uba ne ko kaka, haka nan. Na san akwai kunyar ɗan fari, uwa ta koma gefe ta sunkuyar da kai kamar ba nata ba. Wannan kunya a bar ta a bakin ƙofa, ko a zo da wadda yaron ya saba da ita.

Ga jariri, babu abin da ya kai nono. Har cikin shekarun 1980 likitoci da yawa a duniya suna ganin jariri ba ya jin zafi kamar babba. Bincike ya nuna kuskure ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shayarwa da rungumar yaro cikin hanyoyin rage zafin allurar rigakafi, kuma wajen ɗibar jini ma suna aiki. Ki fara ba shi nono kamar minti 2 kafin a soke shi, ki ci gaba har a gama. Mayafinki ya ishe ki sutura. In ba halin shayarwa, ma'aikaci na iya ɗiga masa ruwan sukari kaɗan bisa harshe. Wannan aikinmu ne a asibiti. A gida nono zalla ne har wata 6. Zuma kuwa ba a ba wanda bai cika shekara ba. Yaron da ya suma, ko yake jijjiga, ko aka ce kada ya ci komai, ba a sa masa komai a baki.

Wanda ya yi wayo, a gaya masa gaskiya. "Ba zafi" ƙarya ce, kuma da ya gane, ya daina yarda da ke da mu. Ki ce: "Za ka ji kamar cizon cinnaka, kafin mu ƙirga goma an gama." Sai a ɗauke masa hankali da tatsuniya, ko hoto a salula, ko a ce ya yi ta hura iska kamar mai hura kunu. A bar shi ya zaɓi ko zai kalla ko zai kau da kai. In ya yi kuka, ya yi. Kada a ce masa namiji ba ya kuka.

Akwai man shafawa mai kashe zafin fata, irin su EMLA. Ana shafa shi a rufe kamar awa ɗaya kafin allura, don haka ya fi dacewa da ɗibar jinin da aka san ranarta. Sai da izinin likita, musamman ga jariri. In an yarda yaro ya sha ruwa, a ba shi, a kuma ɗumama hannunsa cikin zane a kwanakin hunturu, jijiya ta fi fitowa.

Roƙona ga ƴan'uwana ma'aikata: mu shirya kayanmu kafin a shigo da yaro, kuma in mutum ya gwada sau biyu bai samu ba, ya kira wani.

Ku kuma iyaye, don Allah a daina cewa "in ba ka yi shiru ba na kai ka a yi maka allura". Yaron da aka yi wa wannan barazana a unguwar Birni ko Zango shi ne ake kawo mana tsakar dare jikinsa zafi rau, yana tsammanin hukunci aka kawo shi a yi masa.