Waya ta tafi, lamba ba ta zuwa: yadda ake komawa asusun da ya kulle

Teburina na gyaran waya yana Agege, kusa da layin dogo. Mai fasasshen allo ba ya tayar mini da hankali kamar mutumin da zai zo da sabuwar waya a kwalinta, an zare masa tsohuwar a danfo tsakanin Oshodi da Mile 12. Ya san kalmar sirrinsa sarai, amma Facebook ko Gmail sun kafe sai ya kawo lambar da aka tura wayar da ba ta hannunsa. Ga tambayoyin da irin waɗannan mutane ke yi mini, da abin da nake gaya musu.

Malam, asusun nawa ne, kalmar sirri na sani. Don me za a hana ni shiga?

Don kwaɗo biyu ne a ƙofar, kai kuma mabuɗi ɗaya ka zo da shi. Na farko abin da ka haddace, wato kalmar sirri. Na biyu abin da ka riƙe a hannu: layinka, ko wayar da manhajar da ke ba da lambar shiga ke ciki. Kwamfutar kamfanin ba ta san fuskarka ba, ba ta san kai ne mai tumatir a rumfa ta uku ba. Abin da take gani shi ne baƙuwar waya ta kawo kalmar sirri daidai amma ba ta da lamba ta biyu, kuma da irin wannan siffar ɓarawo yake zuwa. Aikin da ke gabanka shi ne ka nuna mata abin da ɓarawo ba zai iya nunawa ba.

To ta ina zan fara?

Ta layinka, ba ta Facebook ba. Ari waya ka kira kamfanin layin a rufe shi, sannan ka kira bankinka, domin wanda ya riƙe sim ɗinka yana iya laluben kuɗinka kafin ka gama jimami. Daga nan sai ofishin kamfanin don yin walkam-bak, a ba ka sabon sim da tsohuwar lambarka. Ka tafi da kanka da lambar NIN ɗinka mai lamba 11. Za a ɗauki hotonka, a tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin da ka sa na ƙarshe, wani lokaci har a nemi takardar rantsuwa daga kotu. Idan layi ya dawo, saƙon lamba zai dawo, rabin matsalar ta tafi.

A nan ne mutanenmu suka fi maƙalewa. Tun Disamba 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, ba a ba da layi sai ga wanda sunansa ke kai. Da yawa daga cikinmu kuwa yaya ne ya saya mana layin a Sakkwato, ko maigida ya yi rajista da sunansa lokacin da muka sauka Legas ba mu da katin komai. Akwai wani dattijo mai sayar da albasa da ya zauna a bencina kwana uku yana jiran ƙaninsa ya samu zuwa ofis a Kano, don shi ne mai layin a takarda. In haka taka take, kira mai sunan yau. Kada kuma ka bar maganar ta kwana biyu har ta zama watanni, saboda layin da aka daina amfani da shi kamfani kan janye shi ya sayar wa wani, lambobin shiga asusunka su koma faɗawa wayar baƙo.

Layin yana hannuna amma saƙon ba ya shigowa.

Duba lambobi biyun ƙarshe da aka nuna maka, sau da yawa tsohon layi ne da ka manta da shi. In layin ne daidai, zaɓi a kira ka a karanto maka lambar maimakon saƙo. Tura STATUS zuwa 2442 ka ga ko ka toshe saƙonnin talla, don wani lokaci toshewar kan haɗa da irin wannan saƙo. Kuma ka daina danna a sake turowa. Kana yawaita dannawa, ana ƙara maka lokacin jira.

Ni ba saƙo ake turo mini ba, wata manhaja ce ke ba ni lamba. Ta tafi da wayar.

Irin su Google Authenticator ke nan. Lambobinta shida ne, suna sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma ba a sim suke ba. Wayar ce da kanta ke lissafo su daga wani sirri da aka ajiye a cikinta da kuma agogo, shi ya sa walkam-bak ba ya dawo da su. (Shi ya sa ma in agogon waya ya kauce, lambar kan ƙi aiki. Na sha gyara wannan da saita lokaci kawai, mutum ya tafi yana ce mini malamin asiri.)

Tun 2023 manhajar Google ɗin tana iya ajiye waɗannan lambobi a asusunka na Google. In ka taɓa kunna wannan, sauke ta a sabuwar waya ka shiga, za ka tarar da su. In ba haka ba, tuna ranar da aka kunna maka kwaɗo na biyu: an nuno wasu lambobi a jere aka ce ka adana. Lambobin ajiya ke nan. Na Google guda 10 ne, kowace mai lamba 8, kowace sau ɗaya take aiki. Facebook da Instagram ma suna da nasu. Mutane kan ɗauki hotonsu su manta, don haka a leƙa tsofaffin hotuna da imel.

Sai kuma abin da aka fi mantawa: wata na'urar da har yanzu take cikin asusun. Tsohuwar wayar da ka ba Hajiya, kwamfutar shago, wayar ƙaninka da ka taɓa shiga da ita. In ka samu ɗaya, don Allah kada ka fita daga asusun a kanta, kada kuma a wanke ta, wato a goge abin da ke cikinta. Daga cikinta ake amincewa da sabuwar waya ko a ciro sabbin lambobin ajiya.

Ba ni da ko ɗaya cikin waɗannan. Shi ke nan?

Saura hanyar doguwa. Na Google a shiga g.co/recover, na Facebook facebook.com/hacked. A shafin da ake neman lamba akwai rubutun da ke cewa a gwada wata hanya, shi ake bi. Google ya ce asusu mai kwaɗo biyu kan ɗauki kwana 3 zuwa 5 na aiki kafin a tabbatar kai ne. Na Apple kan kai kwanaki, wani lokaci ya wuce haka. Jiran da gangan ne: in ɓarawo ne ya nema, mai asusun na gaskiya ya samu lokacin da zai ga gargaɗi ya hana.

Ka yi neman a inda ka saba shiga, da na'urar da ka saba in akwai. Wanda kullum daga Idi-Araba yake shiga, kada ya tura wa abokinsa a Jidda ya gwada masa. Facebook kan nemi katin shaida, a nan kuma sunan da ka sa wa kanka zai tashi a kanka. Katinka ya ce Abubakar, shafinka ya ce Autan Mama Ɗan Agege, ranar haihuwa kuma wadda yaron shagon caji ya ƙirƙira lokacin da yake buɗe maka. Instagram kan ce ka ɗauki bidiyon fuskarka kana juya kai, wanda ke taimakawa in akwai hotunanka a shafin. Mai shafin da babu komai sai hoton shadda da takalma, wannan ba ta yi masa amfani.

Eh, akwai asusun da ba ya dawowa. Imel wani ya buɗe, layi ya tafi, suna ba naka ba. In ta kai nan, buɗe sabo, ka sanar da abokan cinikinka da bakinka cewa kada su tura kuɗi ta tsohon.

WhatsApp fa? Yana neman wasu lambobi shida da ban taɓa sawa ba.

Lambobi iri biyu ne a WhatsApp, duka shida-shida, shi ya sa ake rikicewa. Ɗaya tana zuwa ta saƙo lokacin rajista, ɗayar kai ka zaɓe ta. In ba kai ka sa ta biyun ba, wanda ya ƙwace asusun ne ya sa. Da zarar ka shigar da ta saƙon, an fitar da shi, ko da kai ba ka samu shiga ba tukuna. In ka haɗa imel, ta can za a warware maka nan take. In babu, kwana 7 za ka jira, babu mai rage maka ko awa ɗaya. A cikin kwanakin nan ka sa wani ya sanar a guruf ɗin 'yan kasuwa da na dangi cewa an ƙwace asusunka. Ka kuma danna ##002# a wayarka, yana soke karkatar da kira, domin wasu 'yan damfara ta nan suke karɓar lambar da ake karantowa a kira.

Wani a intanet ya ce in ba shi dubu ashirin zai buɗe mini yau.

Alhaji, riƙe kuɗinka. Mai gyara na gaskiya, a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, yake ko a nan Agege, hanyoyin da na lissafa zai bi, abin da ya fi ka kawai ya san inda ake dannawa. Wanda ya ce yana da mutum a cikin kamfanin, kafin alkalami zai karɓa, gobe ya ce a ƙaro na wata manhaja, jibi ya nemi hoton katinka da lambar da ta shigo wayarka. Garin neman gira a rasa ido. Ma'aikacin Facebook ko WhatsApp ba ya kiranka ya ce ka karanto masa lamba, ko da kuwa ya iya sallama da Hausa.

Alhamdu lillahi na shiga. Me zan yi kafin in tashi daga bencin nan?

Sauya kalmar sirri, ka shiga saitin tsaro ka kori duk na'urar da ba ka gane ba, har da wayar da aka sace. Duba lambar waya da imel ɗin da ke kan asusun, in akwai baƙo ka cire, ka ƙara layi na biyu wanda ke da sunanka. Kada haushi ya sa ka cire kwaɗo na biyun. Ciro sabbin lambobin ajiya, tsofaffin za su mutu da kansu. Ga biro, rubuta su a bangon ƙarshe na littafin bashinka, wanda yake kwana a gida ba wanda ke yawo da kai a danfo ba.