Jijiyoyin jinin gindin ƙoƙon kai

Gindin ƙoƙon kai shi ne daɓen ƙashin da ƙwaƙwalwa ke zaune a kansa. Cike yake da ƙofofi, ta nan jini ke shiga ƙwaƙwalwa, ta nan yake fita.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai jini sama. Biyu, waɗanda likitoci ke kira karotid, suna hawa ta gefen maƙogwaro, su ratsa ƙashin kunne, su lanƙwasa a bayan ido. Sauran biyun suna bin ƙasusuwan wuya, su shiga ta babban ramin da laka ke bi, su haɗe. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa rassansu kan yi zobe mai sunan Tomas Wilis, likitan Ingila da ya bayyana shi a 1664. In hanya ɗaya ta toshe, jini kan zagayo ta wata, sai dai ba zoben kowa ne cikakke ba.

Likitan tiyata ba ya taɓa wurin sai ya ga hoton jijiyoyin. Mai cire ƙari ta hanci daga fituwitari, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana aiki ne da karotid dama da hagu, tazarar kuwa kaɗan ce ƙwarai.

Amma jijiyar da ta fi shafar jama'a ƙarama ce. Tana shiga ta wata 'yar ƙofa a gindin, ta bi cikin ƙashi tsakanin ido da kunne, inda ƙoƙon kai ba shi da kauri. Mai babur ya faɗi a hanyar Bauchi zuwa Gombe ba hular kwano, ya suma, ya farfaɗo, ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau. Alhali ƙashin ya tsage, jijiyar ta yage, jini na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai, sai amai, sai barci mai nauyi, baƙin ido ɗaya ya buɗe. Abin tausayi, wannan barcin ne dangi ke ɗauka hutu.

Irin wannan sai a garzaya da shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a ɗauki hoton kai. Idan aka buɗe ƙashin da wuri, aka kwashe gudan jinin, aka toshe jijiyar, sau da yawa mutum kan warke sarai.