Atisayen Kwaikwayon Matsala ga Ma'aikatan Kwamfuta da Sadarwa

Atisayen kwaikwayon matsala gwaji ne da hukuma ko kamfani ke shirya wa ma'aikatansa masu kula da kwamfutoci da sadarwa. Ana ƙago wata masifa da ba ta auku ba, kamar kutse ko gobara ko yankewar intanet, a sa su tunkare ta tamkar da gaske ne. Abin da ake nema shi ne a gano ɓarakar da ke cikin shirin ko-ta-kwana tun asara ba ta kai ga dukiya ko bayanan jama'a ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Asali

Daga soja aka aro dabarar. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, yankin da daga baya ya zama ginshiƙin ƙasar Jamus, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar da wasan yaƙi a kan taswira, ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, da alƙali a tsakaninsu. Launukan nan suna nan har yau: a harkar tsaron kwamfuta masu kwaikwayon kai hari su ne jar tawaga, masu karewa kuma shuɗiyar tawaga.

A 2006 gwamnatin Amurka ta yi atisayen Cyber Storm na farko, kuma a shekarar ne hukumar ma'auni da fasaha ta ƙasar, wato NIST, ta fitar da jagorar shirya irin wannan gwaji mai lamba SP 800-84. Bayan harin intanet da aka kai wa ƙasar Estoniya a 2007, cibiyar NATO da ke Talin, babban birnin ƙasar, ta fara atisayen Locked Shields a 2010. Kamfanin Netflix ya wuce nan, ya ƙirƙiro manhajar Chaos Monkey wadda aikinta shi ne kashe wasu kwamfutocin kamfanin da gangan ana tsakiyar aiki, don injiniyoyi su saba gina abin da ba zai rushe ba idan sashe ɗaya ya faɗi. A Najeriya jama'a sun san ɗan'uwan irin wannan atisaye a jarrabawar gwaji ta JAMB, da kuma gwajin tantance masu zaɓe da INEC ta yi da na'urar BVAS ranar 4 ga Fabrairun 2023.

Ire-irensa

Mafi sauƙi shi ne atisayen tebur. Ana zama a ɗaki ɗaya, jagora ya karanto labarin matsala, kowa ya faɗi abin da zai yi, ba a taɓa na'ura ko ɗaya ba. Sama da shi akwai atisayen aiki, wanda a cikinsa ake cire wayar intanet da gaske, ko a ɗauko kwafin ajiya a loda shi a wata kwamfuta a ga ko zai buɗe. Cikakken atisaye kuwa yana haɗa shugabanni da masu hulɗa da jama'a, wani lokaci har da 'yan kwana-kwana.

Abubuwa biyu ake aunawa da agogo: tsawon lokacin da aiki zai iya tsayawa kafin ɓarna ta yi yawa, da kuma yawan bayanan da za a iya jure rasawa. Wanda yake yin kwafi ranar Juma'a kaɗai, idan kwamfutarsa ta ƙone ranar Alhamis ya yi asarar aikin kwana shida.

Abin da manyan matsaloli suka nuna

Ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar neman kuɗin fansa ta WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci da dama a Ingila, aka ƙiyasta an soke ganin likita har sau 19,000. Binciken gwamnati ya nuna akwai shiri a rubuce, amma ba a taɓa gwada shi a matakin asibitoci ba. Da imel ya tsaya, ma'aikata suka koma wayoyinsu da WhatsApp.

Labarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya fi ban mamaki. A watan Yunin shekarar, wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shafe kwamfutocin da ke riƙe da rajistar shiga ta ma'aikatansa a duk duniya, sai guda ɗaya a Gana, wadda ɗauke wuta ya raba da intanet kafin harin ya iso. Aka bi da faifanta ta Najeriya zuwa Ingila, da shi aka sake tayar da kamfanin, bayan an sabunta kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. Sa'a ce tsagwaronta, ba wanda ya tsara hakan.

A karkarar Kano da Jigawa

A nan "tawagar" sau da yawa mutum ɗaya ce ko biyu: mai kula da kwamfutoci a ƙaramin banki, ko cibiyar jarrabawar JAMB, ko ofishin da ke tura alƙaluman asibitocin karkara ta manhajar DHIS2. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwafo labarin atisaye daga takardun Turai, a yini ana maganar ƙwararrun masu kutse, alhali abin da ke tsayar da aiki a Gumel ko Ɗambatta wuta ce da sabis da ruwa da ƙura. A ƙarshen Oktoban 2024 Kano da Jigawa, da yawancin jihohin Arewa, sun shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Ranar 14 ga Maris na shekarar, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta tsaya cak a wurare da yawa. Ambaliyar 2022 kuma ta yanke hanyoyi a yankunan Ringim da Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa, ta yadda ko gyara ake buƙata mai gyaran ba shi da hanyar isowa. Ga tsawar damina da ke ƙona na'urar rarraba intanet, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta ta rufe fuskar sola.

Misalin atisayen da ya dace da yankin shi ne wanda aka ɗora a kan ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil. Jagora ya rubuta saƙonni a 'yan takardu, yana miƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe tara: sabis ya ɗauke. Tara da rabi: inbata ta fara kuka, janareto babu mai. Goma: wanda ya san kalmar sirrin babbar kwamfuta ya tafi ɗaurin aure, wayarsa ba ta shiga. Goma sha ɗaya: saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa banki ya cinye kuɗin mutane, dillalan shanu sun taru a bakin ƙofa. A irin wannan gaɓa ce manaja kan juya ya tambaya, "Malam, ina kwafin jiya?" Amsar da aka fi ji ita ce, "Ranka ya daɗe, yana cikin filash, filash ɗin kuma yana jikin kwamfutar." Ƙa'idar da masana suka daɗe da yarda da ita ta ce a yi kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A garin da ke bakin kogi, ginin ya zama a kan tudu.

Takardar ƙarfe goma sha ɗaya ta fi sauran nauyi, ko da yake ba ta shafi na'ura ba. Wa zai fito ya yi wa jama'a magana, me zai ce, wa za a fara sanarwa, hakimi ko sarkin kasuwa? Masu kwamfuta kaɗai ba za su iya amsa wannan ba, shi ya sa atisayen da shugaba ya aiko wakili maimakon ya zo da kansa bai cika amfani ba. Akwai kuma doka: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, saboda haka rubuta wannan sanarwa na cikin abin da ake gwadawa.

Bita da iyakoki

Bayan an tashi ana zaman bita nan take, tun abin yana da zafi. Sharaɗinsa shi ne ba a neman mai laifi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan yana da wuya a inda ƙarami ke jin nauyin ya nuna kuskuren babba a gaban mutane, don haka wasu jagorori kan sa kowa ya rubuta abin da ya gani a takarda ba tare da suna ba. Kowace ɓaraka ana ɗora ta a kan mutum guda da ranar gyara.

Atisaye yana gwada abin da aka sa a cikinsa ne kawai, kuma wanda aka riga aka raba amsoshinsa don a burge baƙi wasan kwaikwayo ne. Na ba-zata kuma yana iya tayar da hankali, shi ya sa ake rubuta "atisaye ne" a kan kowane saƙo, a kuma ajiye wata kalma da za a dakatar da komai idan matsalar gaske ta faɗo. Lokacin yin sa yana bin yanayi: na ambaliya a watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya kankama, na cibiyar jarrabawa makonni kafin ɗalibai su zo. Abin da atisayen farko ya fi haifarwa shi ne takarda guda mai ɗauke da lambobin waya na layuka biyu daban-daban, a manne a bango, da ambulan mai kalmomin sirri a kulle a akwatin ƙarfe.