Waiwaye: Yadda Jikin Kazar Nama Ya Fi Ƙarfin Ƙafafunta

A shekarar 1925, kazar nama a Amurka takan yi kwana 112 kafin ta isa yanka, nauyinta kuma bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Al'amarin ya fara sauyawa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanin shagunan A&P ya ɗauki nauyin gasar samar da "kazar gobe", wadda Charles Vantress ya lashe a 1948 da kazar da ya samu ta hanyar haɗa iri biyu. Har yau sunansa yana nan a kamfanin Cobb-Vantress, wanda shi da kamfanin Aviagen ke samar da asalin akasarin kajin buroila da ake kiwo a duniya, har da na gidajen gonar Najeriya.

Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun nuna girman sauyin a 2014, inda suka ciyar da irin kajin 1957 da na 2005 abinci iri ɗaya. A kwana 56, na farkon ya kai giram 905, na biyun kuwa ya haura kilo 4. Ke nan, sirrin yana cikin zaɓen iri, ba cikin allurar ƙara girma da mutane ke yawan zargi ba.

Sai dai tsoka ta yi gaba ta bar ƙashi da zuciya a baya. Kazar takan gurgunce, ruwa ya taru mata a ciki, ko ta mutu farat ɗaya, kuma yawan kwanciya a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yakan haifar mata da gyambo a ƙirji da tafin ƙafa. Binciken Jami'ar Bristol na 2008 ya gano cewa fiye da kashi 27 cikin 100 na kajin da aka duba ba sa tafiya da kyau. Abin da ya fi ban tausayi shi ne halin iyayen kajin, waɗanda ake ƙayyade musu abinci sosai don kada ƙiba ta hana su haihuwa, su rayu cikin yunwa.

Tarayyar Turai ta kafa dokar rage cunkoso a 2007, amma ba ta ƙayyade saurin girma ba. Matsin lambar masu kare dabbobi ne ya sa manyan shagunan Holan suka koma sayar da irin da ke girma a hankali. A arewacin Najeriya kuwa, zafin watannin Maris zuwa Mayu yakan fi kashe kajin da suka fi nauyi, waɗanda ke gab da shiga kasuwa.