Wa ke da ta cewa a manhajar da kowa ke iya sa wa hannu?

Matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Bauchi, daga ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) zuwa na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, sun fara sa hannu a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda rubutunsu ke a fili, kowa na iya karantawa ya gyara. Yawanci ba rubutun ne ke ɗaure musu kai ba, yadda ake yanke hukunci a wurin ne. Ga tambayoyin da suka fi yi.

Tunda manhajar ta kowa ce, ba sai kowa ya shigar da abin da ya ga dama ba?

A'a. Lasisi irin GPL ko MIT ya ba ka damar kwafar rubutun, ka sauya shi, ka raba wa wasu. Bai ba ka damar taɓa ainihin kwafin da masu aikin ke fitarwa da sunansu ba. Mabuɗin wannan yana hannun mutane ƙalilan, masu kula da manhajar. Kai dai ka aika gyaranka ta GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ko makamancinsa, su duba, su karɓa ko su mayar maka.

To su masu kular wa ya naɗa su?

Kowane aiki da tsarinsa. A Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kowane sashe yana da mai kula da shi, gyare-gyare su bi ta hannunsu har su kai ga Torvalds, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Python, harshen rubuta manhaja, ita ma haka take a da, a hannun Guido van Rossum. A Yulin 2018 ya sauka, bayan wata zazzafar muhawara kan ƙara alamar := a harshen, wadda ya amince da ita amma sukar da ya sha ta gajiyar da shi. Daga 2019 majalisar mutum biyar ce ke jan ragama, manyan masu aikin ne ke zaɓenta.

Debian kuwa, wadda wani nau'in Linux ce, kundin tsarin mulki gare ta, da shugaban da ake zaɓe duk shekara, da kwamitin fasaha mai raba gardama. A 2014 kwamitin ya rabu gida biyu, huɗu da huɗu, kan tsarin da zai riƙa tayar da kwamfuta, sai shugabansa Bdale Garbee ya raba gardamar da ƙuri'arsa, aka ɗauki wanda ake kira systemd. Abin lura a duk waɗannan, ba wanda ya samu kujera don ya iya magana. Sai da aka daɗe ana ganin aikinsa.

Ke nan ra'ayina ba ya da wani nauyi?

Yana da nauyi, amma gwargwadon hujjar da ya zo da ita. Dubi dokar gidauniyar Apache mai kula da buɗaɗɗun manhajoji, wadda aka kafa a 1999. Ana ƙuri'a da +1 ko 0 ko -1. Kowa na iya jefawa, amma ta waɗanda aka ba amanar aikin ce ake ƙirgawa. Idan ɗayansu ya sa -1 a kan wani gyara, gyaran ya tsaya, sai dai wajibi ne ya kawo dalili na fasaha. Idan bai kawo ba, ƙin nasa ba ya aiki. Ashe ko babba ma ba a yarda ya ce "ban so" ya yi shiru ba.

A ce wata ɗaliba a Yelwa ta lura cewa wata manhaja ba ta gano sunan "Ɗanladi" idan an rubuta "Danladi" a wurin bincike, alhali da yawa daga mutanenmu ba su da harufa masu ƙugiya a wayoyinsu. Idan ta rubuta "ku gyara Hausa, ba ta aiki", mai kular da ke Jamus ko Burazil bai san ta inda zai fara ba. Idan kuwa ta jera harufan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ta nuna abin da ta rubuta da abin da ya fito da abin da ya kamata ya fito, ta haɗa da ɗan gwajin da zai tabbatar gyaran bai ɓata wani harshe ba, to a kan wannan batun ita ce gwanar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma shi ma mai kular ya san nasa yoyon: shi zai ci gaba da ɗaukar nauyin wannan gyaran shekaru bayan ɗalibar ta gama karatu ta kama wani aiki. Idan ya ce a sake tsara shi, ba raini ba ne.

Idan muka taru da yawa muka matsa masa lamba fa?

Wannan ce nake roƙon 'yan'uwa su guje mata, kuma akwai dalili. Xz wata ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita a matsayin aikin sa kai. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka dinga damunsa cewa yana jan ƙafa, ya ba wani dama. Ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya ɗan jima yana kawo gyare-gyare masu kyau. A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa ta hannun Jia Tan a sigogin Xz na 5.6.0 da 5.6.1. Da ba a gano da wuri ba, da ta shiga ɗimbin na'urori a duniya. Duk wanda ya san wannan labari ba zai ga laifin mai kula da ya ƙi sakin mabuɗi saboda hayaniya ba.

To idan shugabannin ne suka yi son kai?

Sai a raba gari, kuma lasisin ya halatta. Bayan Oracle ta sayi kamfanin Sun a 2010, masu aikin OpenOffice, manhajar ofis da ke hannun Sun, da dama suka kwashi rubutun suka kafa LibreOffice, ita ce ta fi ci gaba a yau. Waɗanda ba su gamsu da hukuncin Debian kan systemd ba suka kafa Devuan. Wani lokaci ɓallewar kan jawo sulhu: manhajar io.js ta fice daga manhajar Node.js a 2014, suka sake haɗewa a 2015 bayan an sauya tsarin shugabanci. Kwafar rubutu ba ta ɗaukar minti ɗaya. Wahalar ita ce samun mutanen da za su biyo ka su riƙe aikin shekara da shekaru, shi ya sa ɓallewa da yawa ke mutuwa ba a ji labarinsu ba.

Kamfanoni ba su fi mu murya ba?

Sun fi, babu amfanin ɓoyewa. Mafi yawan gyare-gyaren Linux ma'aikatan kamfanoni irin su Intel da Red Hat da Google ne ke yi, ana biyansu. Wanda ke aiki da dare bayan an kawo wuta, yana lissafin data, ba zai kamo su a yawan aiki ba.

Ta ina zan fara in har ina so wata rana a ji tawa?

Ka zaɓi manhaja ɗaya da kake amfani da ita kullum. Ka karanta takardar ƙa'idojin bayar da gudummawa, yawanci sunanta CONTRIBUTING, tana nan tare da rubutun. Kafin ka ɓata mako biyu kan babban sauyi, ka fara tambaya ko ana son sa. Ka kama abin da ka fi kowa sani a wurin, kamar fassarar Hausa ko yadda manhajar ke yi idan intanet ta yi rauni. Ka kuma riƙa gwada gyaran wasu kana faɗin abin da ka gani, domin masu dubawa su ne kullum ake ƙarancinsu.