Ƙiyasin Buƙatar Intanet Mai Sauri da Abin da Jama'a Za Su Yarda Su Biya

Ƙiyasin buƙatar intanet mai sauri fanni ne na ilimin tattalin arziki da ke neman sanin gidaje nawa za su karɓi layin intanet idan aka sa masa wani farashi, da iyakar kuɗin da kowane gida zai fitar a wata kafin ya haƙura. Tazarar da ke tsakanin wannan iyaka da abin da mutum yake biya a zahiri ita masana ke kira rarar mai saye. Kamfanonin sadarwa na dogara da ƙiyasin wajen zaɓar inda za su shimfiɗa waya, gwamnatoci kuma wajen gane yankunan da layi ba zai kai ba sai da tallafi.

Ma'anar sauri

Abin da ake kira sauri ba ya zama wuri ɗaya. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta daɗe tana ɗaukar kilobit 200 a sakan a matsayin mizani, sai ta ɗaga shi zuwa megabit 4 a 2010, zuwa 25 a 2015, sannan 100 a 2024. Shi ya sa kwatanta tsohon bincike da sabo yake buƙatar hattara.

Tarihi

Dabarun da ake amfani da su sun girmi intanet. A wajen 1947 S. V. Ciriacy-Wantrup ya kawo shawarar a riƙa tambayar mutane kai tsaye nawa za su biya a kan abin da ba a sayar da shi a kasuwa, kuma Robert Davis ya gwada haka a farkon shekarun 1960 a kan masu farauta da yawon shaƙatawa a dazuzzukan jihar Maine ta Amurka. A 1966 Kelvin Lancaster ya nuna cewa siffofin kaya ne mai saye ke bi, wanda a nan yana nufin sauri, rashin yankewa da yawan data. Daniel McFadden kuwa ya gina lissafin yadda mutum ke zaɓar abu ɗaya cikin da yawa, ya gwada shi a kan jirgin ƙasa na BART a yankin San Francisco, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000.

Gwajin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne INDEX, wanda aka fara a Jami'ar California da ke Berkeley a wajen 1998. An ba mutum kusan 70 layi a gidajensu, kowa na iya zaɓar sauri daga kilobit 8 zuwa 128, ana sauya farashin lokaci zuwa lokaci, kuma da kuɗin aljihunsu suke biya. Hal Varian, da ya yi nazarin sakamakon, ya gano cewa kuɗin da suka yarda su ƙara domin samun ƙarin sauri ɗan kaɗan ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a lokacin bidiyo da sauran abubuwan da ke cinye layi ba su yawaita ba. Gwajin ya auna mutane ne da intanet ɗin zamaninsu, kuma wannan tarko har yau kowane ƙiyasi na iya faɗawa cikinsa.

Hanyoyin aunawa

Hanya ta farko ita ce duba abin da mutane suka riga suka saya da yadda suka yi amfani da shi. Aviv Nevo, John Turner da Jonathan Williams sun bi ta nan a 2016, inda suka lura da yadda masu layi ke rage amfani idan datarsu ta kusa ƙarewa kafin ƙarshen wata. Rauninta shi ne ba ta cewa komai game da wuraren da layi bai taɓa zuwa ba.

Ta biyu ita ce a jera wa mutum tsare-tsare na ƙaddarawa, kowanne da saurinsa da farashinsa, a ce ya zaɓa. Da ita Gregory Rosston, Scott Savage da Donald Waldman suka yi wa FCC bincike a 2010. Sun samu cewa matsakaicin gida a Amurka zai ƙara kusan dala 20 a wata domin layin da ba ya yawan yankewa, dala 45 domin tashi daga layi marar sauri zuwa mai sauri, amma dala 48 kacal idan zuwa mai tsananin sauri ne. Wato da zarar sauri ya wadatar, ƙarin da ke samansa ba ya jan kuɗi sosai.

Saɓani

Ana sukar hanyar tambaya da cewa baki ya fi aljihu kyauta. Wani kwamitin masana da Kenneth Arrow da Robert Solow suka jagoranta a Amurka a 1993 ya amince da ita bisa sharuɗɗa, amma muhawarar ba ta mutu ba. Akwai kuma bambanci tsakanin yarda da iyawa: mai ƙaramin ƙarfi na iya ambatar kuɗi kaɗan alhali buƙatarsa babba ce. A 2018 hukumar intanet mai sauri, wadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, ITU da UNESCO, suka kafa, ta sa burin kada farashin tsari mafi sauƙi ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar mutum a wata a ƙasashe masu tasowa.